Me ya haɗa ɗan ɓera da ɗana? Amsa ga wata uwa kan gwajin magungunan yara

Wata baiwar Allah daga Kano ta aiko da tambaya. Ɗanta bakwaini ne, yanzu watansa biyar, an ɗora shi a kan wani magani. Da aka karanta mata doguwar takardar nan da ke cikin kwali, sai ta ji an ce an gwada maganin a kan 'ya'yan ɓeraye, har an ga ya taɓa girmansu. Ta ce: "Me ya haɗa ɓera da ɗana? In an riga an gwada a kan manyan mutane, me zai hana a rage awon a ba yaro? Kuma mu da muka ga abin da aka yi wa yaran Kano a 1996, ta yaya hankalinmu zai kwanta?"

'Yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya, ya raya shi. Aikina ke nan, binciken illar magunguna, kuma na yi shekaru ina ɗura wa 'ya'yan ɓeraye magani da hannuna, don haka zan gaya miki abin da gwajin yake iya nunawa da inda yake gazawa.

Bari in fara da batun rage awo, domin nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, har da masu kemis da ke raba ƙwayar babba gida huɗu su miƙa wa uwa. Jikin jariri ginin da ba a gama ba ne. Hantar da ke narkar da magani ba ta gama koyon aikinta ba, ƙodar da ke tace shi ta fitar a fitsari sai ta kai shekara ɗaya zuwa biyu kafin ta kamo ta babba, kuma kusan kashi 75 cikin 100 na jikin sabon haihuwa ruwa ne, alhali na babba bai wuce kashi 60 ba. Ɗauki sinadarin kafin, wanda ke cikin goro da gahawa. Babban mutum yana fitar da rabinsa cikin awa biyar ko makamancin haka. Bakwaini kuwa, da likitoci ke ba shi kafin don kada numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, sai ya kwana uku zuwa huɗu kafin rabin ya fita. Wataƙila ma an ba naki a ɗakin jarirai. Abin da zai ba ki mamaki, yaro ɗan shekara biyu ko uku yakan fitar da wasu magungunan da sauri fiye da babba, har ya zama in aka auna da nauyinsa, shi ne mai buƙatar awo mafi yawa. To kin ga lissafin "rabin babba" ba shi da tushe ta kowace fuska.

Wannan darasi da rayukan jarirai aka koye shi. A shekarun 1950 likitocin Amurka sun riƙa ba bakwaini maganin kloramfenikol don kare su daga ƙwayoyin cuta, da awon da aka lissafo daga na manya da na yara masu tasowa. Sai jarirai suka riƙa ƙin nono, ciki ya kumbura, jiki ya saki, fata ta koma ruwan toka, su mutu. A 1959 wani bincike a asibitin Los Angeles ya nuna cewa mutuwa a cikin bakwainin da aka ba maganin ta ninka ta waɗanda ba a ba su komai ba kusan sau uku. Hantarsu ce ba ta da isasshen sinadarin da ke ɗaure maganin a fitar da shi, sai ya taru ya zama guba. Bayan an yi ɓarnar aka koma ɗakin bincike aka gwada a kan jariran ɓeraye, aka ga su ma awo kaɗan ke kashe su idan aka kwatanta da manyansu. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, domin gwaji ne na 'yan makonni, da an yi shi tun farko da ya ɗaga wa likitoci jan tuta.

Hakan ya sake faruwa ba sau ɗaya ba, wani lokacin ma laifin ba na maganin ba ne, na abin da aka haɗa shi da shi ne. A 1982 FDA, hukumar kula da magunguna ta Amurka, ta yi gargaɗi bayan mutuwar jarirai 16 da aka danganta da wani sinadarin hana lalacewa da ake sawa a ruwan wanke jijiya. Babba ba ya ko jin sa, bakwaini kuwa ba ya iya narkar da shi.

Akwai kuma abu na biyu da gwajin manya ba zai taɓa nunawa ba. Babba ya gama tsawo, haƙoransa sun gama fitowa, ƙwaƙwalwarsa ta gama shimfiɗa hanyoyinta. In magani yana tsayar da girman ƙashi, za ki ba mutum dubu masu shekara arba'in ba za ki ga komai ba, don babu abin da ya rage a tsayar. Kuma ba za a ba yaro magani a zauna jiran shekara goma sha biyar a ga ko zai balaga daidai ba. Amfanin ɓera a nan yake: abin da ɗan Adam ke yi a shekara goma sha biyar, shi yana yin sa a mako bakwai.

Ga yadda abin yake a kusa. Ana haifar ɗan ɓera jajir, ba gashi, ido a rufe, kunne a toshe, nauyinsa kamar giram shida. Ranar da ya cika mako yana kai giram goma sha biyar, bai fi babban yatsana ba. Da sassafe muke shiga, mu ware uwar gefe, mu ɗora 'ya'yan a kan shimfiɗa mai ɗumi domin ba sa iya riƙe zafin jikinsu. Kowanne da lambarsa. A auna shi a sikeli, a lissafa awon ranar, don nauyinsa na yau ba shi ne na jiya ba, sannan a zura masa wani siririn bututu mai laushi ta baki zuwa ciki, a tura ɗigon da bai kai ɗigon hawaye biyu ba. In hannunka ya karkace kaɗan ruwan ya bi hanyar huhu, ka rasa shi, kuma ka ɓata lissafi. Kafin a mayar da su mukan murza su da ɗan dusar katakon shimfiɗar gidansu don uwar ta ji warinta, kada ta ƙi su. Ta cikin fatar cikinsu ana hango farin nonon da suka sha, da haka muke gane wanda uwa ta yi watsi da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ɗan da ya rame saboda yunwa, in ba a lura ba sai a ɗora wa magani laifi.

Daga nan sai bibiya. Ranar da ido ya buɗe, wajen kwana goma sha huɗu. Yaye a kwana ashirin da ɗaya. Ranar da alamun balaga suka bayyana, tsakanin mako biyar zuwa bakwai. Ana auna tsawon ƙashin cinya, ana sa su iyo a cikin baho su nemo wani dandamali da aka ɓoye a ƙarƙashin ruwa, a ga ko gobe za su tuna inda yake. Wasu ana tsayar musu da maganin a bar su su girma, a ga ko illar za ta warke ko ta zauna, ko ma sai daga baya za ta fito. Wasu ana haɗa su aure a ga ko za su haihu. A ƙarshe a duba hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa da ƙashi a madubin likita. Akwai rukunin da ruwan banza kawai ake ba su, da su ake kwatantawa.

Wuyar aikin tana wajen zaɓen rana da zaɓen dabba, kuma a ganina nan ne ake bambanta binciken kirki da na cika takarda. Gaɓoɓin ɓera ba sa nuna a jere ɗaya da na mutum. Ɗan Adam yana gama ƙera ƙananan matatan ƙodarsa tun yana ciki, tsakanin mako na 34 da na 36, daga nan ba a ƙara ko ɗaya har abada. Ɓera kuwa sai a mako na biyu bayan haihuwa yake gamawa. Ƙwaƙwalwar ɗan ɓera mai kwana bakwai zuwa goma ita ake kwatantawa da ta jaririn da ya cika wata tara. Ma'ana, ɗan ɓera na ranar farko ya fi kama da bakwaini. In aka fara ɗura masa magani a ranar, aka ga ƙoda ta lalace, ba lallai hakan ya shafi yaro ɗan shekara biyu ba, amma yana iya shafar irin naki a makonninsa na farko. In kuma aka jira sai bayan yaye, alhali jarirai za a ba maganin, an tsallake lokacin haɗarin gaba ɗaya, sakamakon zai fito fes, kuma ƙarya ce.

Zaɓen dabba ma haka. Maganin talidomaid da aka sayar wa masu ciki daga 1957 zuwa 1961 ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasar hannu da ƙafa. Da aka koma gwadawa, ɓera bai cika nuna wannan naƙasa ba, zomo da biri ne suka nuna. Tun daga lokacin ba a yarda da dabba iri ɗaya a gwajin masu ciki. A gwajin yara kuwa ɓera aka fi amfani da shi, sai kwikwiyo, sai wani ƙaramin alade da aka samar a Jamus, wanda fatarsa da hanjinsa suka yi kusa da na mutum, da kuma biri idan maganin ba ya aiki a jikin kowa sai shi. Na san ambaton alade yana sa wasu 'yan'uwa ɗaure fuska. Gwaji ne ake yi a jikinsa, babu wani abu nasa da ke shiga maganin ta wannan hanya.

Yanzu ga tambayarki ta ainihi: in an ga illa a ɗan dabba, ɗana ma za ta same shi? Wani lokaci e, wani lokaci a'a.

Akwai wani maganin kansar fata mai suna bismodejib da aka amince da shi ga manya a 2012. A ɓeraye masu tasowa an ga yana rufe wurin da ƙashi ke ƙara tsawo, yana kuma ɓata haƙora. Da aka ba wasu ƙananan yara masu kansar ƙwaƙwalwa, abin da ɓera ya faɗa shi ya faru, ƙashinsu ya rufe kafin lokaci. A nan dabba ta faɗi gaskiya tsantsa.

Ga kuma dangin maganin sifrofuloksasin, wanda ake kira sifro. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka ga in aka ba 'yan kwikwiyo magungunan wannan dangi sai su fara ɗingishi, in aka buɗe gwiwa a tarar guringuntsin ya yi bororo kamar ƙuna. Saboda haka aka yi shekaru ana hana yara. Amma akwai yaran da ba su da wani zaɓi, irin masu wata cutar huhu ta gado a Turai da Amurka, aka ba su, aka bibiye su. Sai aka ga ciwon gaɓa yana faruwa jefi-jefi, kuma galibi yana wucewa in an daina. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta tana ba da shawarar sifro ga yaro mai atuni. Kwikwiyo ya fi ɗan Adam rauni a wannan wuri. Duk da haka ba na cewa gargaɗin ya tashi a banza, domin shi ya sa likitoci suka san gwiwa za su sa wa ido.

Misalin da ya fi tayar wa iyaye hankali shi ne na maganin sa barci a tiyata. A 1999 masu bincike suka nuna cewa magunguna irin su ketamin suna kashe ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da yawa a 'ya'yan ɓeraye masu kwana bakwai. Daga baya aka ga irin haka a jariran birai da aka sa barci na awanni masu yawa, har koyonsu ya ragu bayan sun girma. A Disambar 2016 FDA ta yi gargaɗi kan sa yaro ɗan ƙasa da shekara uku barcin da ya wuce awa uku, ko yin haka sau da yawa. Amma an yi wani babban bincike a kan jarirai 722 da aka yi wa aikin gwaiwa a ƙasashe bakwai, rabi aka sa su barci na ƙasa da awa ɗaya, rabi aka kashe musu ƙasan jiki kawai. Da suka cika shekara biyar aka auna basirarsu, ba a ga bambanci ba, aka fitar da sakamakon a 2019. Dabba ta nuna inda ramin yake, binciken yara ya nuna zurfinsa. Uwar da ta hana a yi wa ɗanta aikin da yake buƙata saboda labarin ɓera, ta guje wa ƙaramin haɗari ta faɗa babba.

Shi ya sa in an karanta miki irin wannan takarda, ki nemi a duba miki awon da aka ba dabbar. Da gangan muke hawa da awo har sai mun ga illa, don mu san gaɓar da za ta fara kuka. Binciken da bai nuna komai ba a kowane awo, mu a wurinmu abin zargi ne. Takardar takan faɗi ninki nawa ne na abin da ke shiga jinin yaro. Illar da ta fito a ninki talatin daban take da wadda ta fito a ninki ɗaya ko biyu, haka kuma wadda ta warke bayan an daina daban take da wadda ta zauna.

Batun Kano kuwa, ba zan ce miki ki manta ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma yana da hujja. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara goma sha ɗaya suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu suka tashi da kurumta da shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan ɗan dangin sifro ne, dangin da aka riga aka san abin da yake yi wa gaɓar ƙananan dabbobi, kuma Amurka ba ta taɓa amincewa a ba yara shi ba, a 1999 ma ta taƙaita ba manya saboda yana lalata hanta. Abin da ya karye a Kano amana ce. Babu adadin ɓerayen da zai maye gurbin a zaunar da uba da uwa a gaya musu da harshensu cewa wannan gwaji ne, ga maganin da aka saba da shi a ɗaki na gaba, kuna da ikon ku ce a'a.

Haka nan gwajin dabba ba ya kare yaro daga ha'inci. Yara 84 da maganin haƙori na My Pikin ya kashe a Najeriya daga ƙarshen 2008, da kusan 70 da suka mutu a Gambiya a 2022, gubar da ke cikin ruwan maganinsu ita ce dai wadda ta kashe mutane sama da 100 a Amurka a 1937, har ta sa aka yi dokar 1938 da ta wajabta nuna lafiyar magani kafin a sayar. An san wannan guba shekara tamanin da wani abu. Aikin hukumomi irin su NAFDAC ne su tare ta a masana'anta da bakin iyaka.

Amma ina roƙon ki kada zafin Kano ya kai mu ga cewa a daina binciken magani a kan yara gaba ɗaya. An taɓa bin wannan hanya bayan talidomaid: kamfanoni suka riƙa rubuta "ba a gwada a yara ba" su wanke hannunsu, har wani likitan yara Ba'amurke, Harry Shirkey, ya kira yara marayun magani. Yaro dai ba ya daina rashin lafiya don ba a yi bincike ba. Likita zai ƙiyasta awo ya ba shi, kowane yaro ya zama gwajin kansa, ba mai rubutawa, ba mai koyo. Sai a 2003 Amurka ta yi dokar tilasta wa kamfanoni binciken yara, Tarayyar Turai ta bi a 2007. Ki dubi zazzaɓin cizon sauro da ke cin yaranmu. Jariran da ba su kai kilo biyar ba sun daɗe ba su da maganin da aka yi dominsu. Da aka auna jininsu bayan an ba su na yara masu ɗan girma, aka tarar ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ke cikin maganin yana taruwa ninki biyu zuwa uku. Sai aka sake haɗin, a Yulin 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da Coartem Baby ga masu kilo biyu zuwa ƙasa da biyar, kuma Najeriya na cikin ƙasashen Afirka takwas da suka shiga tantancewar. Wannan ilimi daga jinin jarirai aka same shi, da yardar iyayensu.

Game da dabbobin kansu, ba na ɗaukar ransu da wasa, kuma duk wanda ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle bai kamata ya ɗauka ba. Ƙa'idar da manyan hukumomin magunguna suka amince da ita a 2020 ta ce ba kowane magani ne ke buƙatar gwajin 'ya'yan dabbobi ba. Sai an duba ƙanƙantar yaran da za a ba, da gaɓar da maganin ke taɓawa ko tana kan ginuwa, da abin da aka riga aka sani daga manya. Maganin da za a ba ɗan shekara goma sha huɗu galibi ba ya buƙata, na jariri kuwa sau da yawa yana buƙata. A ƙarshen 2022 Amurka ta cire wajabcin gwajin dabba daga dokarta, ta buɗe ƙofa ga lissafin kwamfuta da ƙwayoyin jikin mutum da ake rainawa a kwalba. Lissafin kwamfuta ya yi nisa wajen hasashen awo, ina murna da shi. Amma har yau ban ga kwalbar da za ta gaya mini ko yaro zai yi tsawo, ya balaga, ya riƙe karatu ba.

Ki koma wurin likitan da ya rubuta maganin da takardar a hannunki, kada ki tsayar da shi da kanki, domin akwai magungunan da yanke su farat ɗaya ya fi shan su haɗari. Ki tuna masa a mako na nawa aka haifi yaron, don bakwaini mai wata biyar a lissafin jiki bai wuce wata uku ba, kuma awo da wannan lissafin yake tafiya. Ki gaya masa duk abin da yaron ke sha, har da dauri da jiƙon da kakarsa ke ba shi, saboda hanta ɗaya ce ke ɗaukar nauyinsu duka. Tunda girma takardar ta ambata, ki sa a riƙa auna nauyinsa da tsawonsa da zagayen kansa duk zuwa, a rubuta a katinsa, kuma in nauyin ya ƙaru ki tambaya ko awon ma ya kamata ya canza.